Goyon Bahar Maliya

Yayata Baturiya ce, kuma ta girmi mahaifiyarmu da shekara takwas. Na gaji da yi wa mutane bayanin wannan magana a tsaitsaye, a gidan biki ko a layin asibiti, ana kallona kamar wadda rana ta taɓa wa kai. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe ta gaba ɗaya, har da abu ɗayan da matar nan ta yi shekara arba'in da ɗoriya tana nema a gidanmu, wato ta ji Inna ta kira sunanta.

Sunanta Nula. Ni ina da ikon faɗa, tunda ƙanwa ce. An haife ta a wani ƙauyen masunta a gaɓar yamma ta ƙasar Ailan, tsibirin nan da ke maƙwabtaka da Ingila, kuma in kana son ganin tashin hankali ka ce mata 'yar Ingila. Mahaifinta masunci ne da bai iya iyo ba, haka ma kakanta. Ta ce a ƙauyensu ba a koyo, wai in teku ta tashi cin mutum, wanda ya iya iyo wahala kawai zai ƙara wa kansa. Uwarta ta rasu tana ƙarama. Garin ba aikin yi, sai ruwan sama da dankali, don haka duk wanda ya yi wayo sai ya kama hanya, wasu Amurka, wasu Ostireliya. Ita ta koyi jinya da aikin unguwarzoma, ta yi 'yan shekaru a wani ƙaramin asibiti a Bur Sudan, daga nan wani asibiti a Jidda ya ɗauke ta aiki, ya aiko mata da tikitin jirgin sama. Ta mayar musu da abinsu. Ta ce abin da in ya lalace ba shi da gefen hanyar da zai tsaya, ita ba za ta shige shi ba. Ta je ta sayi tikitin wani tsohon jirgin ruwa mai ƙetare Bahar Maliya, raguna a ƙasa, mutane a sama.

A cikin jirgin nan akwai Inna, Mastura, amarya sabuwa fil daga Maiurno, garin Hausawan Sudan da ke bakin kogi, za ta tare a gidan mijinta Usuman, tela a unguwar Bab Makka ta Jidda. Inna doguwa ce, irin tsawon da sai ta sunkuya a ƙofa. Yaya kuwa ko a tsaye take sai ka ɗauka a zaune take. Ba su san juna ba, ko gaisuwa ba ta haɗa su a jirgin ba.

Da hantsi, ana hango gine-ginen Jidda, mutane har sun fara naɗe tabarmi, jirgin ya hau kan duwatsun murjani da ke kwance a ƙarƙashin ruwa. Ya yi wata ƙara, ya karkace, ya zubar da mutane da raguna ta gefe guda. An rasa rayuka a ranar, Allah ya jiƙansu, wannan ba abin wasa ba ne. Amma waɗanda suka faɗo ta wajen dutsen sun sami wurin tsayawa, in dai mutum na da tsawo. Inna ruwan ya kawo mata ƙirji. Yaya ruwan ya shanye ta har da saura.

Inna ta ce ita dai ta ga wani abu ja kamar gemun masara yana nitsewa yana tasowa, ta kai hannu ta damƙo, sai ga mutum. Abin ƙarami ne, yana kuka, yana wutsil-wutsil, yana neman shaƙe ta. Inna ta yi renon ƙanne rututu a Maiurno, kuma abu ɗaya ta sani ana yi wa ƙaramin abu mai kuka. Ta cilla ta baya, ta kwance zaninta na sama ta ɗaure ta tamau, ta warware gyale ta yi majanyi da shi. Haka suka tsaya har rana ta karkata, raguna na iyo suna zagaye su, Inna na jijjiga Baturiya tana bubbuga ta tana cewa yi shiru, yi shiru. Yaya ta ce ta karanto duk addu'ar da ta sani, ta yi amai a wuyan Inna ba sau ɗaya ba, daga baya kuma, abin kunya, barci ya kwashe ta.

Masunta suka zo da kwale-kwale suka tsamo su. Sai dai ruwan gishiri ya sa ƙullin majanyin ya cije, ya ƙi kwantuwa. Wani ya zaro wuƙa, Inna ta ce wallahi ba za a yanka mata gyalen lefe ba. Don haka da goyonta ta hau tasha, da goyonta ta bi layi, ƙafafun Yaya na reto har gwiwarta. Baba na tsaye a bakin ƙofa cikin sabuwar jallabiya, hankalinsa a tashe, sai ga amaryarsa da goyo, goyon kuma na gaishe shi da Turanci ta kan kafaɗa. Har ya koma ga Allah bai taɓa gaya wa kowa abin da ya ji a ransa ba.

A gida a Bab Makka, kakata Iya Sadiyya, mahaifiyar Baba, ta shafa wa ƙullin man gyaɗa, ta sa haƙori ta kwance shi. Ta dubi Baturiyar da rana ta gasa jawur, ta dubi surukarta, ta ce, "To, bayan amarya dai ya riga ya ɗau goyo. Duk wanda za a haifa nan gaba ƙane ne. Ga 'yar fari nan."

Iya Sadiyya mace ce mai barkwanci, matan gidan suka kwashe da dariya. Inna ba ta yi dariya ba. Inna ba ta san wasa ba, har yau in ka zolaye ta sai ta tambaye ka me kake nufi. Ta sunkuyar da kai, ta ja zani ta rufe fuska, ta shige ɗaki. Tun daga ranar ba ta sake duban Yaya ido cikin ido ba, ba ta yi mata magana baki da baki ba, sunanta kuwa ko da kuskure bai taɓa fita daga bakinta ba.

Yaran da suka tashi a Jidda ba duka suka san wannan ba, don haka bari in faɗa. A gidajen iyayenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, tana yi kamar ba ta san da shi ba, kaka ce ke ji da shi. Yawancin mata in shekaru sun ja sai su sassauta. Inna ta ɗauki abin yadda take ɗaukar komai, ba ragi.

Ba wanda ya yi wa Yaya bayani, don ba mai jin Turanci a gidan. Mutanen asibiti suka zo suka tafi da ita. Ranar hutunta ta farko ta dawo da kwalin alewa da sabon gyale don ta yi godiya. Inna na hango ta ta bar tukunya a wuta ta faɗa banɗaki, ta ƙi fitowa har baƙuwa ta tafi, miya ta ƙone. Da ta sake dawowa haka aka yi. Yaya ta koma tana laluben laifinta: ko aman ne, ko nauyinta ya karya wa yarinyar mutane baya, ko barcin da ta yi ne ya ɓata mata rai. A ƙarshe ta yanke cewa rashin jin yaren juna ne. Ta watsar da Larabcin da asibiti ke koya musu kyauta, ta riƙa zama wurin mata masu ƙosai da gyaɗa a Bab Makka har ta iya Hausa, irin tasu, da ashar ɗinta da komai. Ranar da ta ga ta ƙware ta zo ta tsaya a tsakar gida ta jero godiya tiryan-tiryan, ba tuntuɓe. Inna ta juya ta fuskanci bango ta ce, "A gaya wa mai magana akwai tuwo a rufe."

Yaya ta fashe da kuka. A nan ne Iya Sadiyya ta ja ta gefe ta warware mata zancen.

Yaya ta ce, "Amma Iya, ai na girme ta!"

"Ta goya ki ko ba ta goya ki ba?"

"Ta goya ni."

"Kin yi barci ko ba ki yi ba?"

"Na yi."

"To halas, shi ke nan. Je ki ci tuwonki."

Ta ci tuwon, ta karɓi matsayin, daga ranar ta koma kiran yarinyar da ta girma Inna. Amma sunan ya tsaya mata a rai. Ta ce tun rasuwar uwarta ba wanda ya sake kiranta don kawai ya ji ta amsa, kullum kiran aiki ne, kuma da ta sami wata uwar, sai ta faɗa hannun wadda ba ta kira.

Baba ma ya bi sahu, don ba zai yiwu matarsa na da 'ya shi ba shi da ita ba. In ya hango ta a kasuwa sai ya tsallake titi. Amma duk salla sai ya ɗinka mata doguwar riga ya aika ta hannun Iya, kuma tunda kunya ba ta barin ya auna ta, ko ya dube ta da kyau, rigar kullum sai ta ci mutum biyu irinta. Haka take sakawa ta zo gaisuwar salla tana jan ta a ƙasa.

Da Inna ta tashi haihuwata naƙuda ta zo da gardama, aka garzaya da ita asibiti, kuma wa ke aiki a ɗakin haihuwa ranar? Inna ta ce gara a mai da ita gida ta mutu da 'yarta ta ga wannan abu. Ba wata unguwarzoma a kusa, dole aka yi sulhu: aka lulluɓe fuskar Inna da zani, aka zaunar da Iya Sadiyya a tsakani. Yaya ta ce, "Iya, ki ce mata ta yi nishi." Iya ta ce, "Wai ki yi nishi." Inna daga ƙarƙashin zani ta ce, "A ce mata ba ita za ta koya mini ba." Ko uhum ba ta yi ba har na faɗo. Yayata ce ta yanke mini cibiya. Aka raɗa mini Zinariya, sunan da Inna ke kwaɗawa daga safe har dare da iya ƙarfinta, don ni ba kunyata take ji ba. Ni ta fara haifa, amma ban ɗanɗani darajar 'yar fari ko ta yini ɗaya ba. Dukan nawa ne, aiken nawa ne, Baturiya ta riga ni, kuma har gobe abin yana ba ni haushi.

Da Iya Sadiyya ta rasu aikinta ya faɗo kaina, tun ban iya ɗaura zani ba. Mutum biyu a tabarma ɗaya, gwiwa na gogar gwiwa, ni a tsakiya. Inna ta ce, "A tambayi waccan ko ba a ba su abinci a asibitin ne, ta rame kamar kara." Yaya ta ce, "Zinariya, ki ce wa Inna lafiyata ƙalau." Inna ta ce, "A ce mata ƙarya take yi." Na yi aure, na haihu, muka tashi daga Bab Makka muka koma bene a unguwar Safa, ban huta ba. Da wayar hannu ta zo na yi murna, na ce Allah ya kawo mini magaji. Ina! Ƙanena Bilal ya buɗe mana zauren iyali a waya, Yaya na ciki, Inna na ciki, sai Inna ta danna ta aiko da murya: "Zinariya, a gaya wa waccan gobe akwai dambu." Yaya ta ji da kunnenta, amma ba za ta amsa ba sai na maimaita, don ita ma an lalata ta.

Ba wai ta zauna ta naɗe hannu ba ne. Dabaru kam ta yi su. Ta kawo mage gidanmu ta sa mata suna Nula, ta tafi ta bar ta. Inna ta riƙe magen har ta tsufa ta mutu tana kiranta Takwara. Wata rana ta zube a ƙofar kicin kamar ta suma, ido a rufe, kunne a buɗe. Inna ta kurma ihu, "Zinariya! Waccan ta faɗi!" ta sheƙa mata bokitin ruwa.

Aure bai yiwu ba. Sau ɗaya wani injiniya ɗan ƙasarsu ya fito, ta ce masa sai ya je wurin iyayenta. Ya zo Bab Makka da tafinta, ya zauna da Baba a shago, Baba na ta cewa "wadda kuka zo dominta", har baƙon ya fara shakkar ko zancen mace ɗaya suke yi. Inna ta leƙa shi ta labule, ta aiko ni da saƙo cewa gajere ne, in ruwa ya ci su su biyu wa zai goyi wani? Mutumin bai sake dawowa ba. Yaya ta yi fushi, ta ƙaurace mana har aka ga wata, sannan ta dawo ta ce dama ba ya dariya.

Ailan kuwa ba ta sake taka ta ba. Jirgin sama tana tsoronsa, jirgin ruwa ya ci amanarta, mota kuma ba ta zuwa tsibiri, sai ta zauna. In mun fita shan iska bakin teku ranar Juma'a, ita tana cikin mota ta ba ruwa baya tana cin gyaɗa. Tana nan a addininta, da ɗan carbinta mai gicciye a jaka, amma azumi tare muke yi, don Inna ta aika mata cewa ba a ɗora tukunya da rana saboda mutum ɗaya. Ranakun hutunta ta ɗauki jaka ta bi gidajen matan da ba su da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, masu tsoron zuwa asibiti, daga lungunan Bab Makka har Khumra. Rabin samarin da ke tuƙa mota a unguwannin nan yau ita ta fara marinsu a duniya.

Da asibiti ya sallame ta saboda shekaru, wani likita mai ƙaramin ɗakin shan magani, Dakta Nayef, ya zama kafilinta, wato mai tsaya mata a takardun zama, ta ci gaba da zama a ƙarƙashinsa. Bara shi ma tsufa ya kama shi ya rufe wurin. Ba mai sabunta iƙamar mace ta kusa saba'in, sai aka buga mata huruj, wato fita ba dawowa. Bilal ya yi ta zarya ofis-ofis, ya dawo gumi sharkaf ya ce mini, "Ya Zinariya, na ce musu ummanta na nan a Safa, a mai da ita ƙarƙashinta. Suka tambayi shekarun umman. Wallahi mutumin sai da ya kira abokan aikinsa su zo su ji." Magana ta ƙare. 'Yar wanta a can Ailan ta ce akwai ɗaki. Kuma a jirgin sama za a tafi, ko ana so ko ba a so.

Ni da Bilal muka tasa Inna a gaba. Na ce, "Inna, sau ɗaya tak. Matar nan za ta tafi ba dawowa, abin da take nema bai fi numfashi guda ba."

Inna ta ce, "A bakin wace uwa kuka taɓa ji?"

Bilal ya ce, "Ya Ummi, haram. Nan Jidda ne fa, ba Maiurno ba. Yalla, ki faɗa kawai kowa ya huta."

Ta jefe shi da takalmi. Muka bar ta, muka dawo, muka turo mata jikoki, muka turo maƙwabta. Ta daina cin abincin kirki, ta daina haɗa turaren wutan da take sayarwa. Can wata safiya ta ce, "Ranar tafiyar zan faɗa. Ku fice mini daga ɗaki." Na ruga na kai wa Yaya albishir. Tsohuwar nan sai da ta taka rawa, washegari ta je aka rina mata furfura ta koma ja, wai don Inna ta gane wadda take kira.

Ana saura 'yan kwanaki muka kai akwatunanta sito a Khumra, inda Bilal ke aikin tura kaya ƙasashen waje. Yana cikin ɗaure su ya ce, "To kayan ɗakin fa? Ummi ta ce su ma a tura."

Yaya ta ce, "Wane kayan ɗaki?"

Ya kai mu wani lungu ya yaye tamfol. Kwalla ce da samira da langa da fanteka, jere har sun fi Bilal tsawo, daga masu tsohon zanen da aka daina yi har zuwa tukunyar lantarki ta bana a cikin kwalinta. Ga zannuwan gado a leda, ga labule, ga turmi da taɓarya. Na gane na ƙasan. Tun ina yarinya nake ganinsu a ƙarƙashin gadon Inna ina murna nawa ne, da aurena ya zo aka saya mini wasu 'yan tsiraru daban, na ɗauka an sayar da waɗancan. Bilal ya ce, "Tun kafin a haife mu take tarawa, duk salla sai ta ƙara. Da gida ya cika ta ce in ɓoye a nan. Ta ce 'yar fari ba ta barin gida hannu rabbana, ko da miji ko ba miji."

Yaya ta buɗe babbar kwallar da ke gaba. A ciki ga zanin nan da gyalen nan a ninke, gishiri ya yi musu fari-fari, har da tabon man gyaɗa a wurin ƙullin. Ta zauna a kan wani kwali, ma'aikata na wucewa da kaya suna kallonmu. Ta ce, "Ɗaki ɗaya aka ba ni a gidan mutane, Zinariya. Ina zan kai turmi?" Tana dariya, hawaye na zuba a kan gyalen. Ni ma na yi kuka, rabi don tausayi, rabi don tukwanen.

Ranar tafiya gidanmu na Safa ya cika tun da safe. Matan da ta karɓi haihuwarsu suka cika falo har kan matakala. Inna ta ci ado, ta zauna a tsakiyar darduma tana gumi kamar wadda za a yi wa aiki. Bilal ya ɗaga waya zai ɗauka. Yaya ta shigo da jan gashinta, cikin rigar salla ta ƙarshe da Baba ya ɗinka mata, tana jan ta a ƙasa, ta durƙusa a gaban Inna. Inna ta ɗago kai a hankali, ta dube ta a ido, abin da ban taɓa gani ba tunda nake. Ta buɗe baki, ta ja numfashi.

Yaya ta kai hannu ta rufe mata baki. Ta ce, "Inna, bari. Kada ki faɗa."

Na ce, "Yaya! Kin san wahalar da muka sha kuwa? Bilal har takalmi ya sha!"

Ba ta cire hannun ba. Ta ce, "Zinariya, sunan nan likitoci sun kira shi, masu naƙuda sun kira shi, direban tasi ya kira shi, can ma ina sauka za a kira. Duk duniya mutum ɗaya ce ba ta iya kiransa. In ta kira yau, da me zan tafi?"

Bilal ya sauke waya. Inna ta saki numfashin da ta riƙe, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na girgiza. Mata suka fara sharar hanci. An jima Inna ta ce, "Zinariya."

Na ce, "Na'am, Inna."

"A gaya wa waccan, in ta shiga jirgin, ta duba mace doguwa ta zauna kusa da ita."

Na juya na gaya mata, ban rage ko kalma ba, duk da tana durƙushe a nan hannunta na kan bayan Inna. Sai da na faɗa sau biyu, don na farkon bai fita ba.

Ta sauka lafiya. Ta ce sai da ta hana ma'aikatan jirgi sakat har suka sauya mata kujera kusa da wata doguwar mata 'yar Kenya, ta riƙe mata hannu har Ailan, matar ba ta san dalili ba. Tukwanen suka bi ta ruwa, kuma ko marfi ɗaya bai nitse ba. Yanzu wai rabin ƙauyen a samira suke dafa dankali, turmin kuma an dasa fure a ciki, abin da ban gaya wa Inna ba.

Duk Juma'a bayan la'asar Yaya na kira ta bidiyo. Inna ta yi wanka, ta ci ado, ta turara jiki kamar waya na jin ƙamshi, ta zauna a darduma, sannan ta juya wa wayar baya. Ni ke riƙewa. Sau ɗaya na gaji na zagaya don Yaya ta ga fuskarta, sai na ji ta daga Ailan tana cewa, "Koma inda kike, Zinariya. Nan ɗin na sani." Na koma na saita wayar a bayan Inna, hannuna na sagewa, su biyun suna ta ba ni saƙo.